Sukuwar Ranar Asabar

Ranar 20 ga Fabrairu, 2025, aka yi wani gagarumin taro a Abuja domin ƙaddamar da littafin tarihin rayuwar Janar Ibrahim Badamasi Babangida. Manyan ƙasar nan duk sun hallara, da waɗanda suka yi mulki cikin kaki da waɗanda suka yi cikin babbar riga, attajirai kuma suka yi ta miƙewa suna alkawarin biliyoyin naira. A cikin littafin ne Janar ɗin ya amsa abin da hatta yara ƙanana suka sani tun kusan shekara talatin da biyu da suka wuce, wato cewa Alhaji M.K.O. Abiola ne ya ci zaɓen shugaban ƙasa na ranar 12 ga Yuni, 1993. Ya ce ya yi nadamar soke zaɓen, ya kuma ɗauki alhakin abin a matsayinsa na shugaba, ko da yake mafi nauyin kayan a kan marigayi Janar Sani Abacha ya sauke shi, mutumin da ba ya nan balle ya ce uffan.

Mu huɗu ne muka rage a raye daga cikin mu bakwai, kuma a daren nan sai da muka kira juna a waya. Babu wanda ya yi mamakin abin da Janar ya faɗa. Abin da ya tsaya mana a rai, har ɗayanmu ya kasa haƙuri ya furta shi, shi ne mutumin da ya soke zaɓen ya riga mu rubuta labarin. Mu da muke kiran kanmu marubuta, muke zuwa taro da jakar takardu a hammata, muke koya wa na baya yadda ake gina jigo da warwararsa, an wayi gari soja ya buga nasa littafin, mu namu yana cikin akwati. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu bayyana wa 'yan uwa, musamman masu tasowa, yadda aka yi labarin ya shiga akwati, domin kuwa da hannunmu muka sa shi.

A shekarar 1993 muna da wata 'yar ƙungiya wadda ko suna ba mu raɗa mata ba. Kowace Lahadi bayan la'asar mukan haɗu a wani aji na makarantar firamare a wajen ganuwar Kano, mu zauna a kan bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur, kowa ya karanta abin da ya rubuta a mako, sauran su yi masa gyara. Akwai malaman firamare biyu, da akawu a wata ma'aikatar gwamnati, da ɗalibin jami'a, da wata ma'aikaciyar jinya wadda ita kaɗai ce mace, da wani tela mai shago a bakin kasuwa. Na bakwai shi ne babbanmu, malamin Hausa a makarantar sakandare, wanda ya ba yawancinmu kusan shekara goma sha biyar, kuma shi kaɗai ne ya taɓa fitar da littafi. Malam kawai muke ce masa. Zamanin ne kuwa da littattafan soyayya suka cika gari, In Da So Da Ƙauna yana hannun kowace budurwa, kowannenmu kuma ba shi da burin da ya wuce ya ga littafinsa a baje a bakin Bata. Har adashi muke yi domin kuɗin ɗab'i.

Siyasa ba ta cikin abin da ya haɗa mu, to amma a waccan shekarar babu inda mutum zai ɓuya mata. Wanda bai ga zamanin ba yana bukatar a tuna masa cewa jam'iyyu biyu ne kacal a ƙasar, SDP mai alamar doki da NRC mai alamar mikiya, kuma duka biyun gwamnatin soja ce ta ƙirƙire su a 1989, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi. An sha ɗaga ranar miƙa mulki. A ƙarshen 1992 aka rushe zaɓen fid da gwani, aka hana duka 'yan takara 23 sake tsayawa, ciki har da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Malam Adamu Ciroma. Saboda haka lokacin da Abiola da Alhaji Bashir Tofa suka fito, mutane sun riga sun gaji, so suke kawai a yi ta ta ƙare.

Ranar Asabar ce. Aka tantance mu da safe, muka yi layi, muka dangwala, aka zazzage akwati aka ƙirga a gabanmu, ana faɗa muna amsawa. Biyar daga cikinmu doki muka zaɓa. Wasu gadon gida suka bi, domin iyayensu 'yan NEPU ne sannan 'yan PRP, kuma nan jama'arsu ta karkata. Wasu kuwa saboda jaridar Amana ne, wadda kamfanin Abiola yake bugawa da Hausa, kuma a cikinta ne tela ya fara ganin waƙarsa a rubuce da haruffan inji. Biyu suka zaɓi Tofa, suna cewa naka sai naka. Babu wanda ya yi faɗa da wani. (Wani abin da ya kamata marubuta su sani shi ne Alhaji Bashir ɗin nan namu ne a harkar alƙalami, domin daga baya ya fitar da littattafan Hausa da dama, kamar Tunaninka Kamanninka da labaran Amazadan. Ya rasu a Janairun 2022, Allah ya jiƙansa.)

Da sakamako ya fara fitowa sai aka ga abin da ba a saba gani ba. Abiola, Bayaraben Abeokuta, ya kayar da Tofa a Kano, jiharsa ta haihuwa. Ya ci Jigawa da Kaduna da Borno da Yobe. Hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta bayyana jihohi 14 kafin wata kotu ta ce a dakata, amma da yake a kowace rumfa an ƙirga a fili, alkaluman duk suna hannun mutane: Abiola sama da ƙuri'a miliyan takwas, Tofa kusan miliyan shida. Ranar 23 ga Yuni aka raba wa 'yan jarida wata takarda wadda ko sa hannu babu, tana cewa an soke zaɓen. A rediyo muka ji. Bayan kwana uku Shugaba ya fito da kansa ya yi dogon jawabi, muka saurara daga farko har ƙarshe, muka tashi ba mu ji dalili guda ɗaya da zai shiga kunnen mai hankali ba.

Lahadi biyu bayan haka tela ya zo da wani littafin rubutu na 'yan makaranta a aljihun rigarsa, ya ce yau ba waƙa ya kawo ba. Gajeren labari ne. Wani sarki ne ya sa aka yi shela cewa za a yi sukuwa tsakanin dawakai biyu, kuma duka biyun daga bargarsa suka fito, shi ya ba su dawa, shi ya zaɓi mahaya bayan ya kori waɗanda ba su yi masa ba. Gari ya fito ƙwai da kwarkwata, aka yi sukuwa, kowa ya ga dokin da ya iso. Washegari sai ga sanƙira yana zagaya unguwanni yana cewa Sarki ya ce ba a yi sukuwa ba, duk wanda ya ce ya ga ƙura ta tashi ciwon ido ke damunsa, a kai shi fada a ɗiga masa magani. Da aka ɗiga wa mutum biyu uku maganin, sai duk gari ya warke, babu sauran wanda ya ga kome. Sai wani makaho mai bara a bakin filin, wanda ya dage cewa shi dai bai ga kome ba, amma wallahi ya ji ƙarar kofato, kuma ya ji sunan da jama'a suka kira da ihu. Fadawa suka rasa yadda za su yi da shi, tun da ba shi da idon da za a ɗiga wa magani.

Tun da muka fara zama a ajin nan ba a taɓa karanta abin da ya kai wannan ba. Muka yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma aji ya yi tsit. Nan take muka yanke shawarar sa shi a gaba a cikin ɗan kundin da muke shirin gurzawa, kwafi ɗari biyu, mu raba a makarantu da wajen masu sayar da littattafai. Akawu ya tafi da shi ofis, bayan an tashi aiki ya buga shi a kan sitensil da tafiretan ma'aikata. Shafi goma sha ɗaya ya ci.

Kafin mu tara kuɗin takarda da tawada, ƙasa ta canza. A farkon Yuli aka yi zanga-zanga a Legas, sojoji suka harbe mutane da yawa. Aka rufe gidajen jaridu, ciki har da Concord na Abiola. Zuwa Agusta maganar yaƙi ake yi a fili, kuma duk wanda ya bi ta Sabon Gari a kwanakin nan ya ga manyan motoci ana ɗora musu katifu da buhuna da kekunan ɗinki, 'yan kudu suna komawa gida. A irin wannan yanayi ne muka zauna domin duba sitensil karo na ƙarshe.

Malam ne ya fara magana. Ya dubi tela ya ce, "Labarinka ya yi kyau, ban taɓa jin ka yi kamarsa ba. Amma ba yanzu ba." Sai ya ba mu labarin 1966, lokacin yana yaro ɗan shekara goma sha biyu, da abin da ya gani da idonsa a hanyar tashar jirgin ƙasa, abin da bai taɓa faɗa mana ba sai ran nan. Ya ce shi ya san yadda magana take zama wuta a garin nan, kuma ba zai sa hannu a cikin takardar da wani zai ɗauka ya karanta wa 'yan daba ba. Akawu ya karɓe, ya ce shi ma bai yi barci ba, domin harafin k na tafiretan ofishinsu ya ɗan gutsure, duk wanda ya san takardun ma'aikatar zai gane inda aka buga, ga shi da amarya da jariri. Malaman firamare suka sunkuyar da kai, su ma albashin gwamnati suke ci.

Sai ɗalibin jami'a, wanda ya fi kowa karanta mujallun Legas, ya zaro ɗaya daga cikin jakarsa ya ɗaga. Ya ce mu duba yadda ake zagin Arewa gaba ɗaya, ana cewa mu ne muka hana, mu ne ba ma son mulki ya bar hannunmu, ba a ware talaka ba, ba a ware wanda ya yi layi a rana ya zaɓi doki ba. Ya ce, "Wannan rikicin Yarbawa ne da gwamnati. Mu me ya kai mu? Za mu taya su zagin namu ne?"

Ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta cika magana ba, ta juyo ta ce masa, "To ƙanena, ƙuri'ar da na jefa fa? Ita ma Bayarbiya ce?"

Babu wanda ya ba ta amsa. Muka ɗaga hannu, biyar suka ce a ajiye, biyu suka ce a buga. Tela bai yi musu ba. Ya naɗe sitensil ɗinsa a cikin tsohuwar jarida, ya sa littafin rubutun a aljihu, muka wuce zuwa labarin wata Hajara da iyayenta suka hana ta auren masoyinta. Shi ne ya shiga gaban kundin.

Mun daɗe muna juya wannan zama a zukatanmu, kuma ba za mu yi wa kowa ƙarya ba. Tsoron Malam gaskiya ne, na akawu ma gaskiya ne. Wanda ke da iyali a zamanin da doka ta ba soja ikon tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba, in ya ji tsoro bai yi abin kunya ba. Da a ce mun tsaya a nan, mun ce mun ji tsoro mun ajiye, da sauƙi. Abin da ya zame mana tabo shi ne maganar ɗalibin jami'a, domin ita ce muka ɗauka muka tafi da ita gida, ita muka riƙa maimaitawa a majalisa da wurin aiki, har muka yarda da ita. Tsoro yana da nauyin faɗa, ita kuwa wannan magana tana sa mutum ya ji kamar ma kishi yake yi.

Ku duba fa abin da muka yi, 'yan uwa. Mu muka fito, mu muka yi layi, yatsanmu ne aka shafa wa tawada. Kano ce ta ƙi ɗanta ta zaɓi baƙo, abin da ya kamata mu riƙa tinƙaho da shi har jikoki. Amma saboda wanda ya soke zaɓen mutumin Minna ne, wanda ya biyo baya kuma haifaffen Kano ne, saboda kuma wasu 'yan jarida a Legas sun yi mana kuɗin goro, sai muka ɗauki ƙuri'armu muka miƙa wa Yarbawa kyauta, muka ce tasu ce, su je su nema. Gwamnati ba ta da abin da take so irin wannan. Muddin maganar 12 ga Yuni ta zama ta ƙabila ɗaya, to an gama da ita. Masu zaginmu a Legas sun taimaka mata ta can, mu kuma muka taimaka mata ta nan da bakinmu da muka tsuke.

Ba muna cewa Abiola waliyyi ba ne. Attajiri ne da ya yi arziki a inuwar gwamnatocin soja, abokin Babangida ne na ƙut da ƙut, kuma Allah kaɗai ya san irin mulkin da zai yi. Mukan fake da wannan ma a lokacin. Amma ba a tambaye mu ko waliyyi ne ba ranar da muka yi layi, an tambaye mu wa muke so ne, muka faɗa. 'Yan siyasa kuma suka ƙara mana mafaka. A ƙarshen Agusta Babangida ya sauka ya bar Cif Ernest Shonekan da gwamnatin riƙon ƙwarya, wata uku bai cika ba Abacha ya karɓe ranar 17 ga Nuwamba, sai ga Babagana Kingibe, mataimakin Abiola a takara, ya zama ministan harkokin waje, ga Abubakar Rimi da Lateef Jakande su ma a majalisar ministoci. Muka ce to ga shi nan, masu abin ma sun watse, mu ne za mu fi su zafi?

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. A Yunin 1994 Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa, aka kama shi, bai sake fitowa ba har ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli, 1998, wata guda bayan rasuwar Abacha. An harbe matarsa Kudirat a titin Legas a Yunin 1996. Shehu 'Yar'aduwa, wanda ɓangarensa na SDP ya amince da gwamnatin riƙon ƙwarya, an kama shi a 1995 bisa zargin juyin mulki, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. Rimi kansa sai da ya shiga hannu a 1998, shi da Sule Lamido. Wutar da muka ce ta gidan maƙwabci ce ba ta tambayi kowa garinsu ba.

Ranar da ta fi tsaya mana ita ce Juma'a, 10 ga Nuwamba, 1995, da aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal. Maganarsa ta man fetur ce da ƙasar Ogoni, ba ta zaɓe ba, amma gwamnatin da ta rataye shi daga soke zaɓen nan ta samo asali. Mutumin nan shi ne shugaban ƙungiyar marubuta ta ƙasa, wato ANA, 'yan shekaru kaɗan kafin nan. Ba kuma shi ne marubuci na farko ba, domin a Maris na 1986 an harbe Janar Mamman Vatsa, mawallafin waƙoƙi, wanda ya samar wa ƙungiyar fili a Abuja, duk da cewa Chinua Achebe da Wole Soyinka da J.P. Clark sun taka har wurin Babangida sun roƙa masa rai. Lahadin da ta biyo bayan rataye Ken mun haɗu kamar kullum. Malam ya ce abin ba daɗi, muka ce wallahi ba daɗi. Muka yi shiru na ɗan lokaci, sannan wani ya buɗe babi na huɗu na littafinsa. Daga ranar tela bai sake zuwa ba. In mun bi ta shagonsa mukan gaisa da fara'a, yakan yi mana ɗinkin salla, amma bai ƙara yi mana maganar rubutu ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ai Arewa ce duka ta yi shiru, domin wannan ma ƙarya ce, kuma mun taɓa fakewa da ita. Kanar Abubakar Dangiwa Umar ya fito ya ƙi soke zaɓen tun yana cikin kaki, abin ya ci aikinsa. Alhaji Balarabe Musa bai rufe baki ba. Shehu Sani yana saurayi aka ɗaure shi a 1995. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a 1996, sai a 1998 jami'an tsaro suka ce wai shi ne ya mutu a fashewar bam ta otal ɗin Durbar, maganar da iyalinsa da abokan aikinsa ba su taɓa yarda da ita ba. Waɗannan duk 'yan Arewa ne, a cikin garuruwanmu suke, iska ɗaya muke shaƙa. Sun ji zagin da ake yi a Legas kamar yadda muka ji, bai hana su sanin cewa ƙuri'arsu tasu ce ba.

Abin dariya, in akwai dariya a ciki, shi ne a duk tsawon shekarun nan babu zaman da ba ma ambaton Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Malam Aminu Kano. Mukan ba da labarin Hajiya Gambo Sawaba da ɗaurin da ta sha har sau goma sha shida, muna kaɗa kai. Mun haddace waƙoƙinsu, mun rubuta jarrabawa a kansu. Ashe yabon wanda ya soki En'e da Turawa abu ne mai arha, tun da En'e ta mutu, Turawa sun tafi. Ba mu taɓa tsayawa mun tuna ba cewa mutanen da su Sa'adu suka soka ba baƙi ba ne a wurinsu, sarakunansu ne da hakimansu, wasu ma 'yan uwansu na jini, kuma su ma an ce musu suna tona asirin gida a gaban 'yan kudu.

Da an ce daga baya mun gyaru, da mun ji daɗin rubuta wannan. A 2003 da 2007 bakinmu ya buɗe sosai, mun yi rubutu a jaridu, mun yi waƙoƙi, mun kira maguɗi da sunansa. Zaɓen 2007 kuwa ya lalace har wanda aka ba nasara, Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa a jawabinsa na kama mulki cewa akwai kurakurai a cikinsa, ya kafa kwamitin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, kuma a Kotun Ƙoli alƙalai huɗu ne suka tabbatar da shi, uku suka ƙi. Mun yi gaskiya a lokacin. Amma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya ta biyu, abin da ya kwance mana harshe shi ne wanda aka kayar Janar Buhari ne, wanda muke so, wanda ya shirya zaɓen kuma Obasanjo ne, wanda ba ma so. A Afrilun 2011 kuma muka ga abin da Malam yake tsoro tun 1993, da rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka sama da ɗari takwas a jihohin Arewa cikin kwana uku. Yaran da suka fito da gora da fetur ba su karanta labarin kowa ba. Har yau muna gardama a tsakaninmu ko wannan ya nuna Malam ya yi daidai, ko kuwa ya nuna abin da ke faruwa ne in masu alƙalami suka bar fushin jama'a a hannun masu gora. Malam yana kan bakansa, ma'aikaciyar jinya tana kan nata.

Da namu ya hau a 2015 sai muka koma gidan jiya. Aka yi ta kashe mutane a Zamfara da Katsina, muna cewa a yi haƙuri, ɓarnar shekara goma sha shida ba ta gyaruwa a dare ɗaya. A Agustan 2019 aka ɗauke Abubakar Idris Dadiyata daga ƙofar gidansa a Kaduna, matashin malami mai sukar masu mulki, ba a sake ganinsa ba, kuma a cikinmu babu wanda ya rubuta ko shafi ɗaya. Buharin ne ma a 2018 ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, ya ba Abiola lambar girma mafi daraja ta ƙasa, muka yi tafi tare da kowa, kamar dama can muna cikin masu nema.

Mako biyu bayan taron Abuja muka shirya mu huɗu muka tafi gidan tela. Ya rasu shekara tara da suka wuce, Allah ya gafarta masa. Uwargidansa ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta kawo ruwa, muka gaisa, Malam ya faɗi abin da ya kawo mu. Ta shiga ciki ta daɗe, sannan ta sa jikanta ya fito da wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Sitensil ɗin yana nan a naɗe cikin jaridarsa, amma ya bushe ya manne, da muka yi ƙoƙarin warwarewa sai ya riƙa karyewa a hannu. Littafin rubutun kuma gara ta cinye bayansa. Labarin ya tsaya daidai inda fadawa suka kai makaho gaban Sarki.

Muka zauna muna ƙoƙarin tuna ƙarshensa. Akawu, wanda shi ya buga shi da hannunsa, ya rantse cewa toshe wa makahon kunne aka yi da dalma. Ma'aikaciyar jinya ta ce sam, Sarki naɗa shi ya yi sarkin makafi, ya ba shi doki da alkyabba, daga ranar bai sake jin kome ba. Malam ya ce shi abin da yake tunawa dokin ne da kansa ya yi magana. Muna cikin wannan sai uwargidan, wadda ke zaune daga bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ai da kun tambayi yaran shago. In aka ɗauke wuta da dare keke ya tsaya, shi yake karanta musu da fitilar ƙwai, har sun haddace. Ni ma nakan jiyo su suna dariya."

Ta ce yawancinsu sun watse, amma akwai ɗaya, babban cikinsu, da ya buɗe nasa shagon a Wudil, kusa da kasuwa. Ta kwatanta mana wurin. Akawu ya ce zai nemo mota, mun sa ranar Asabar mai zuwa.